Ɗakunan Sambo

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa baffanku Sambo ya bar gidan nan ne saboda jinin yawo, wai bafillacen daji ba ya iya kwana a ƙarƙashin soro. Maƙwabta suka faɗa, kuka ɗauka, ni kuma ina zaune a zaure ina jin ku ban taɓa cewa a'a ba. Akwai ranar da ke Rabi kika tambaye ni a gaban baƙi, na gyaɗa kai na ce haka Allah Ya halicce shi. Ƙarya na yi miki. Yanzu da ido ya fara yi mini gardama, ƙafa kuma ba ta kai ni ko'ina sai masallaci, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, kada ku zo rabon gidan nan bayan raina kuna tsammanin gumina ni kaɗai ne ya gina shi.

Mu biyu ne maza a wurin iyayenmu, ni da Sambo, a rugarmu da ke tsakanin Gwiwa da Roni. Ni ne ɗan fari, ni kuma aka damƙa wa dagaci lokacin da aka ce kowace ruga ta ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko. Ba don ƙwaƙwalwa aka zaɓe ni ba. Mahaifinmu, wanda muke ce wa Tsoho a bayan idonsa, ya lura ba ni da hannun kiwo, saniya tana hango ni take juya mini baya, sai ya ga in an rasa ni ba a yi wata asara ba. Sambo ya zauna da shanu. Ni na fito malamin dabbobi, ina yawo ruga-ruga da akwatin allura a bayan keke, daga baya babur, ina zaune a Kazaure a ɗakin haya guda ɗaya, ni da mahaifiyarku Hajara da ku biyun farko. Gida ne na mutane da yawa, banɗaki ɗaya, madafi ɗaya, in ka yi tari maƙwabci ya ce maka sannu ta cikin bango.

Tun shekarun farko bayan Turawa sun miƙa mulki nake da wata takarda a cikin akwatin allura. Bayan tsohuwar kalanda ce, na zana gida a kai da fensir da rula. Ba babban gida ba ne, kada ku ɗauka uban naku ya yi mafarkin bene. Zaure, sai shigifa, sai ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ta hannun dama inda rana ba ta dukan ƙofa da yamma, sai ɗakin Hajara da yara, sai turakata, madafi da rijiya a tsakiya. Abin da na fi alfahari da shi shi ne wurin da ban zana komai ba. Rabin takardar na ƙasa fari ne fes, layin katanga kawai na ja na kewaye shi. Nan ne sashen Sambo, bayansa kuma inda ku maza za ku yi ɗakunanku in kun yi aure, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an rushe komai ba. Na ga yadda gidajen cikin gari suke shaƙe mutanensu, a haifi yaro a rasa inda za a sa shi in ya girma, 'yan'uwa su yi shekara goma ba sa gaisawa a kan taku uku na ƙasa. Na ce ni ba zan yi wannan wautar ba. Na goge na sake zanawa har takardar ta huje a wurin rijiya. Hajara takan ce in ta mutu a binne ta a ɗakin takarda, tunda shi kaɗai ta mallaka.

Sai fari ya zo. Ku ba ku san fari ba, labari kawai kuka ji. A shekarun da aka sauya kuɗi daga fam zuwa naira, damina ta leƙo ta koma, wadda ta gabace ta ma ba ta yi abin kirki ba. Aikina ya tashi daga yi wa shanu allura ya koma tsayawa a kan mushe ina rubuta abin da ya kashe shi, alhali kowa ya sani. Garken gidanmu ya zube. Ba zan faɗa muku nawa suka mutu nawa suka rage ba, mu ba a koya mana ƙirga shanu da baki ba, kuma ba yau zan fara ba. Abin da ya rage dai, mutum ɗaya zai kora su ba tare da ya ɗaga murya ba.

A cikin wannan ranin ne mai unguwa ya nuna mini fili biyu. Ɗaya a kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, matsattse, gidaje sun riga sun kewaye shi ta ɓangare uku, takardata ba za ta shiga ciki ba sai an yanke mata rabin nan fari. Ɗayan shi ne wannan da kuka tashi a ciki, a bakin gari, ƙarƙashin duwatsu. Gabansa a bakin hanya yana da ɗan tudu, daga nan ya gangara a hankali ya buɗe, ba maƙwabci ba kowa. Mai unguwa ya ce in auna har inda ƙafata ta gaji. Irin wannan kyauta ya kamata ta sa mutum ya yi tambaya, amma ban yi ba.

A lokacin Tsoho ya zo Kazaure neman maganin tarin da ya ƙi barinsa, na goya shi a babur na kai shi ya gani. Ya sauka da ƙyar, ya dogara sandarsa, ya wuce tudun gaba ko kallonsa bai yi ba, ya gangara can ciki. A shekarar da ko'ina ya ƙone ƙurmus, nan akwai ciyawar kiri-kiri a kwance, koriya shar. Ya durƙusa ya tsinke ta ya sa a baki ya tauna, kamar yadda yake yi duk sanda za a kafa sabuwar ruga. Na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Wa ya ba ka nan?" in ji shi.

"Mai unguwa ne, Baba. Akwai wani a kan tudu, in kana so mu je ka gani."

"Me zan gani a kan tsakuwa? Wannan ƙasar tana da rai. Shekara uku ina neman irinta ban samu ba." Ya tofar da ciyawar, ya kama hannuna ya miƙe. "Kai da ƙaninka, katanga ɗaya. Ka ji ni? Daji ya ƙare. Kada in kwanta ka bar shi yana bin shanun wasu."

"Na ji, Baba."

Bai kai damina ba ya rasu. Ku lura da abin da ya faru a wurin nan, domin nan kuskuren yake. Tsoho bai yi ƙarya ba, ƙasar tana da rai. Amma shi duk tsawon rayuwarsa wurin da saniya za ta ƙoshi yake nema, ya kafa bukka, in ruwa ya matsa masa ya tuge ta ya yi gaba. Bai taɓa ɗora ƙasa a kan ƙasa ba. Ni ma duk da bokon nawa, idonsa ne a kaina, na ga kore na ce albarka. Babu wani a zuriyarmu da ya taɓa zaɓar wurin gini kafin ni.

Wanda ya san abin shi ne Ɗanlami magini, wani dattijo siriri mai manyan hannuwa, wanda ya gina rabin sorayen unguwar da muke haya. Na kai shi filin da takardata a hannu, ina ta bayani. Bai kalli takardar ba. Ya yi ta tafiya yana ƙwaƙular ƙasa da diddige, can ya sunkuya ya ɗauko wani abu ya miƙo mini.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kwanson katantanwa ne."

"To wa ya kawo shi nan? A ruwa take rayuwa. Dubi ƙasar, baƙar laka ce, ga yadda ta tsattsage. Ka ga suri ko ɗaya? Gara ma ba ta yarda da wurin ba. Ina yaro mun kama tarwaɗa daidai inda kake tsaye."

"Wannan da can ne, Baba. Yanzu ina ruwan yake?"

"Ya tafi, amma bai ce ba zai dawo ba. Gaba zan gina maka, tudun zai ɗauki abin da ka zana a sama. Daga nan zuwa ƙasa kuwa hanyar ruwa ce. In duwatsun nan suka sha suka ƙoshi, ta nan suke sauke shi."

Kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Na hau dattijon nan da faɗa. Na ce masa zamani ya wuce shi, yanzu lokacin kuɗin mai ne, siminti ya zo, ana ɗora gada a kan kogi balle ɗaki a kan ciyawa. Har da 'yan kalmomin Turanci na jefa masa don ya san da wa yake magana. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce Allah Ya ba ni haƙuri, shi aikinsa ɗora tuɓali, amma hannunsa ba zai taɓa ƙasan filin ba.

Hajara 'yar cikin gari ce, ita ma ta yi nata ƙoƙarin. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Malam, ni ban san gini ba. Amma tun kakannina ake rigima a kan fili a garin nan, ban taɓa jin an yi rigima a kan wannan ba. Ba ka ga abin tambaya ba?"

Na ce mata macen da ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, ba ita za ta koya mini karanta ƙasa ba. Ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan maganar tana cikin abubuwan da ban nemi gafararta a kai ba har ta rasu. Inna kuma, da ta zo wurinmu bayan ta fita takaba, ta ji ana ta maganar a canja fili. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye, sai ta juya wajen Hajara ina zaune a nan ta ce:

"Ki faɗa wa mai gidanki, inda marigayi ya sa ƙafa ya yi addu'a, nan za a zauna. Ba a sake wa mamaci magana."

Na ji daɗin wannan ba kaɗan ba, domin ya zo daidai da son raina. Daga ranar duk wanda ya buɗe baki sai in ce umarnin Tsoho ne, bakin ya rufe.

Saura abin da za a yi ginin da shi. Albashina bai wuce cin mu ba, sai na sa ido a kan ragowar shanu. Daminar da ta biyo bayan rasuwar Tsoho ma ta yi rowa, wannan ya ƙara mini bakin magana. Da kaka na tafi ruga na sami Sambo. Ku da ba ku san shi sosai ba, dogo ne, mai shiru, ya fi ni komai ban da karatu. Yana shirin kora shanun kudu inda aka ce akwai sauran ciyawa, shi da amaryarsa Dije. Muka zauna a gindin wata gawo, na baje masa takarda, na nuna masa farin wurin na ce nan naka ne.

"Hamma," ya ce, haka yake kirana, "waɗanda suka rage su ne masu taurin rai. In suka ga damina ɗaya mai kyau za su haihu. Ka ba ni shekara biyu."

"In daminar ba ta zo ba fa? Kai garke ɗaya kake gani, ni kullum a kan mushen ƙasar nan gaba ɗaya nake yini. Gara mu mai da su ƙasa da azara tun suna tsaye. Gini ba ya mutuwa don ƙishirwa."

"Ni ban iya komai ba sai su."

"Za ka koya. Ga noma, ga aikin gwamnati ana ta ɗauka, ko gadi ne zan samo maka. Kuma ba ni na ce ba, Baba ne ya ce katanga ɗaya."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In ka ce haka, Hamma."

Da ya yi mini gardama a ranar, da yau ina da inda zan raɓa. Amma an tashe shi a kan kada ya ɗaga ido a gaban wansa, na san haka, kuma da shi na yi amfani. Shi da kansa ya kora su kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwar Roni. Da aka gama ciniki ya miƙa wa dillali igiya, bai tsaya an yi sallama ba. Na same shi a bayan masallacin kasuwa yana zaune ya juya wa hanya baya, na ce mu tafi, ya tashi muka tafi.

Da rani aka fara aiki. Ɗanlami ya zana gidan a ƙasa da toka, kamar yadda yake a takarda, ya gina gaba, kuma ga shi nan har yau ko tsaga bai yi ba. Sambo ne ya tattaka kusan duk ƙasar da aka gina shi da ita. Mutumin da bai taɓa riƙe shebur ba, tun hantsi yana cikin kwaɓi har gwiwoyinsa, yana murza tuɓali yana jerawa a rana, ƙafafunsa suka farfashe bai fasa ba. Ɗakin da kuka kwana a ciki kuna yara, sawunsa ne a cikin bangon. Ana tsakiyar ginin sai gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe, na sayi kwano na rufa turakata, ita kaɗai a duk layin. Simintin da na yi wa Ɗanlami barazana da shi kuwa, da ya zo 'yan buhuna kaɗan na samu, don ko'ina gini ake yi ana wawarsa. Suka ƙare a daɓen turakata da bakin rijiya. Da aka zo kan sashen Sambo babu ko ƙwaya, kuma Ɗanlami ya tsaya a kan maganarsa, sai na ɗauko wani magini daga Babura wanda bai san wurin ba. Ya yi masa ɗaki biyu na ƙasa da azara a kan baƙar lakar nan. Sun yi kyau, ba zan ce ba su yi ba. Dije ta jera ƙorenta a bango tun daga ƙasa har sama. Kwana biyu da tarewarsu Sambo ya ce mini, yana murmushin nan nasa na gefen baki, ashe ɗaki yana da daɗi, mutum ya kwana iska ba ta taɓa shi ba. Ina tsammanin wannan makon ne mafi daɗi da na yi a duniya, har na bi ta ƙofar gidan Ɗanlami a babur ina danna ƙaho ba dalili.

Damina ta dawo a shekarar. Ta dawo da gaske, irin wadda tsofaffi suke ba da labari. Da marka ta kama aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku bayan azahar ina turaka na ji wani gurnani daga wajen duwatsu, na fito na ga jan ruwa ya ɓalle katangar ƙasa yana shigowa. Ba wani ruwa ne mai ƙarfin ɗaukar mutum ba. Ya zo ne kawai ya cika wurinsa har cinya, ya tsaya. Sambo ya riga ya fito da Dije, tana da ciki wata biyar, ya koma yana kwaso abin da zai iya. Muka tsaya a kan tudu muna kallon bango yana shan ruwa daga ƙasa, yana laushi kamar curin fura a cikin nono. Kafin la'asar ɗakin farko ya zauna, na biyun ya bi shi ba a jima ba. Ƙoren Dije suka yi ta yawo a kan ruwa a tsakar gida. Maƙwabta suka zo jaje, amma ana ganin farin cikin ruwa a fuskokinsu, kuma ban ga laifinsu ba, shekara nawa suna roƙonsa. Ɗanlami ma ya zo da sheburinsa, ya yi ta tare ruwa kada ya hau tudu har magariba, ya tafi bai ce mini komai ba. Da ya ce ai dama ya faɗa mini, da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya fi rushewar ɗakunan ciwo shi ne daji. Ciyawa ta fito ko'ina har ƙugu. Duk wanda ya dage ya riƙe ko 'yan ƙwarori ne, shanunsa suka murmure suka fara haihuwa, daidai yadda Sambo ya faɗa a gindin gawo. Aikin gadin da na yi masa alkawari bai samu ba, an ce sai mai takardar makaranta. Ran kasuwa yakan tafi kara ya tsaya kawai, ba saye ba sayarwa. Wata rana ya dawo na ji yana gaya wa Inna cewa ya ga farar nan tamu mai karyayyen ƙaho a hannun wani, da maraƙi a bayanta.

Yanzu ga inda laifin ya zama nawa ni kaɗai, ba na Tsoho ba, ba na ruwa ba. Bayan rushewar, Sambo da Dije a shigifa suke kwana, ɗakin da duk mai shiga gida da mai fita yake ratsawa, an kare musu gefe da zana. Mace da tsohon ciki, kullum sai ta naɗe shimfiɗarta da sassafe don mutane su wuce. Ni kuma ga turaka mai kwano da daɓen siminti, ba komai ciki sai gado da tebur da rediyo da akwatin allura. Hajara ta same ni a kan maganar.

"Malam, ka ba su turaka mana, ka dawo ɗakina kafin rani."

"Ma'aikacin gwamnati ya rasa inda zai sauki baƙo? Da rani zan sake gina musu, da siminti wannan karon."

"A ina?"

"Inda suke."

Ta dube ni, ta fita. Na san ba za a ginu ba. Na riga na je wurin Ɗanlami a ɓoye na ba shi haƙuri na roƙe shi, ya ce ko da ƙarfe aka yi harsashin, ruwa zai zagaye ɗakin duk damina, laka kuma za ta tsaga shi duk rani. Filin kan tudu an ba wa wani tuni. Tudunmu kuma ya cika, ba inda za a sa ko akurki. Turakar ce kaɗai mafita, kuma kullum nakan ce gobe zan kira shi in ba shi. Me ya hana ni? Na daɗe ina tambayar kaina, amsar ba ta da kyau. In na fita daga ɗakin nan, na yarda ke nan a gaban gari cewa takardata ta faɗi, magini ya fi malami, mace ta fi mijinta gani. Girman kai ne, ba wani abu ba. Sambo ya yi wata uku a bayan zanar nan yana jira in faɗa. Shi ba zai taɓa tambaya ba, ko da shekara goma zai yi.

Da kaka ta yi, wata safiya rana ta ɗan ɗaga, ya zo ƙofar turaka ya tsugunna a waje. Bai taɓa shiga ɗakin ba.

"Hamma, wani Alhaji mai fataucin shanu yana neman wanda zai riƙe masa garke a kudu, can bayan kogi. Na ce masa sai na tambaye ka."

Ku sake karanta wannan. Bai ce zai tafi ba, cewa ya yi sai ya tambaye ni. Kalma ɗaya yake nema, in ce zauna, ga ɗaki. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na kuma tuna abin da Tsoho ya ce game da bin shanun wasu, ban manta ba. Na kalli tebur na ce:

"Ai na ɗan lokaci ne. Kafin ka dawo na gyara wurin, sai in aiko maka."

"To, Hamma."

"Ba laifi mutum ya ɗan motsa."

"Haka ne," in ji shi, ya tashi.

Ranar tafiya sai ga Inna ta fito da ƙunshinta a ka. Ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Hajara:

"Ki faɗa masa yarinyar nan ba ta da kowa, fari ya watsa danginta. Zan je in ga ta sauka lafiya, in an yi arba'in in dawo."

Na raka su tasha, na ga sun hau bayan babbar mota. Inna ba ta dawo ba. A shekara ta uku saƙon rasuwarta ya iso mini ta bakin fatake, an daɗe da binne ta, ban san ƙabarinta ba har yau. Sau biyu na sa aka zuba jar ƙasa mota-mota a wurin, sau biyu ruwa ya kwashe ta ya kai wa masu lambu. Gidan da na zana don ya girma bai ƙaru da ɗaki ko ɗaya ba. Ku maza da kuka tashi aure, kowa ya kama haya, Abdu a Kano, Bello a cikin gari, kuka koma irin ɗakin da na gudo daga ciki. Sau ɗaya na tafi neman Sambo da hutuna, aka ce sun tashi da shanu zuwa wani wuri, na juyo. Gaskiya ban nema da ƙarfi ba, don ban san me zan ce masa ba, tunda babu ɗakin.

Saboda haka ku sani, gidan nan shanun mutum biyu ne suka gina shi, kuma ƙafar mutum ɗaya ce ta tattaka ƙasarsa. In kun zo rabo, rabin tudun na 'ya'yan Sambo ne, da turakar a ciki. Kada wani ya yi wayo ya ba su fadamar ƙasa ya ce ai a takarda nan ne nasu. Ban san inda suke ba, ban san ko su nawa ne ba. Na aika tambaya ta hannun fatake har na gaji, kuma ba na jin zan gan su da idona.

Labarin rasuwarsa bayan na yi ritaya na ji shi. Na je kara ran kasuwa don ɗebe kewa, wani tsohon ɗan kora shanu mutumin Kanya Babba ya yi ta kallona, can ya matso ya gaishe ni.

"Ranka ya daɗe, ba kai ne wan Sambo ba, malamin dabbobi? Kamanninku sun yi yawa. Mun yi zama da shi a kudu shekara da shekaru. Allah Ya ji ƙansa, bara waccan ya rasu."

Na yi salati, na nemi wuri na zauna. Na tambaye shi ko ya sami shanun kansa kafin ya rasu. Ya ce a'a, na mutane ya yi ta riƙewa, amma ba a taɓa samun mai amana irinsa ba. Na tambaye shi ko ya yi gida a can.

"A bukka ya zauna har ƙarshe," in ji shi. "Alhajin da yake wa kiwo ya so ya gina masa ɗaki, sau biyu ma, ya ƙi. Ya ce kada a yi wahalar banza, shi yana da wuri a gidan wansa a Kazaure, gyara ake yi, in an gama za a aiko."

Na ce masa na gode. Na dawo gida a ƙasa, na manta da babur a kara, sai washegari aka kawo mini. Ban faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarku ta rasu ba ta ji wannan maganar ba. Ku ne na farko.